Ni ba likita ba ce, ina amfanina a tawagar jinya ta mishan?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Jihar Kaduna. Ikilisiyarmu na shirin tura masu aikin sa kai su raka likitoci zuwa Jamhuriyar Nijar na mako 2, domin duba marasa lafiya kyauta. An sa sunana, ga shi ban taɓa karatun jinya ba. Shin zan amfani wani kuwa, ko cika mota kawai zan yi? Sannan maƙwabciyata Musulma, wadda muke mutunci ƙwarai, ta ce irin wannan aiki tarko ne na raba mutane da addininsu. Me zan ce mata?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina aikin nas, na karɓi irin waɗannan tawagogi a asibitin da nake, na kuma bi wasu zuwa ƙetare. Na ga tafiyar da ta bar alheri a bayanta, na ga wadda ta bar mana aikin gyara na watanni. Za ki amfani mutane ƙwarai, wataƙila ma fiye da wasu masu farar riga, amma hakan ya danganta da yadda aka tsara tafiyar. Saboda haka tun kafin ki fara haɗa jaka, ki je wurin shugaban tawagar ki tambaye shi: wa zai karɓe mu a can, kuma wa zai ci gaba da duba mutanen nan ranar da motarmu ta juyo gida?

Idan ya ambaci asibiti ko ɗakin shan magani mai ma'aikata na dindindin, ya nuna miki takardar izini daga ma'aikatar lafiya ta Nijar, ya ce babban likitan gundumar ya san da zuwanku, to ki kwantar da hankalinki. Idan kuwa ya ce za ku kafa rumfa ne a bakin kasuwa ku raba magani kwana 3 ku ƙara gaba, ki roƙe shi a sake zama. Baƙo raɓa ne, rana na ɗagawa ya tafi, ciwo kuwa yana nan tare da mai shi.

Bari in ba ki misalin abin da nake nufi da wuri na dindindin. A Galmi, garin nan da ya yi suna da albasa, kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, akwai asibitin da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950. Yana da gadaje fiye da 100, ana tiyata dare da rana, mutane na zuwa har daga ɓangaren Najeriya, kuma ana horar da likitocin tiyata 'yan Afirka a can. Baƙi masu aikin sa kai suna zuwa daga ƙasashe dabam-dabam, wani ya yi wata 1, wani shekara. Amma duk wanda ya zo, kujerar da ya tarar yake hawa: akwai fayil ɗin maras lafiya, akwai ɗakin gwaji, akwai nas ɗan ƙasa da ya san mutanen da sunansu, wanda zai cire zaren ɗinki bayan baƙon ya koma Ostareliya ko Amurka. Haka abin yake a Danja kusa da Maraɗi, inda mishan ta daɗe tana kula da masu kuturta, aka kuma buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012. Ko jiragen ruwan Mercy Ships, masu asibiti a cikinsu, waɗanda aka fara aikinsu a 1978, ba sa leƙa tashar ruwa su wuce. Jirgi kan yi kusan wata 10 a ƙasa guda, don a samu lokacin tantance marasa lafiya, a yi aiki, a ga warkewarsu. Kuma da yawa daga mutanen da ke cikin jirgin ba likitoci ba ne: masu dafa abinci ne, da masu wanki, da injiniyoyi, da malaman makaranta irinki masu koyar da 'ya'yan ma'aikata.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, ba kowane ciwo ne ke karɓar taimakon mako 2 ba. Yanar ido tana karɓa. Dattijon da jikansa ke ja da sanda, a yi masa aiki yau, a buɗe idon gobe, ya ga fuskar jikan. In dai akwai wanda zai duba shi bayan 'yan makonni, to an gama. Cire haƙori, da aikin gwaiwa, da ba da gilashin karatu, duk suna cikin wannan sahu. Amma ki ɗauki hawan jini. A auna tsohuwa, a ga ya hau, a ba ta ƙwayoyi na wata 1, a yi mata fatan alheri. Wata na ƙarewa maganin ya ƙare, babu inda za ta sami irinsa, ita kuma tana ganin ai likitocin baƙi sun warkar da ita. Ciwon suga da farfaɗiya ma haka, kuma farfaɗiya ta fi muni, domin yanke maganinta farat ɗaya na iya tayar da ciwon fiye da da. Yoyon fitsari kuwa, duk wanda ya yi aiki a ɗakin matan nan ya san aikin farko shi ne babbar damar mace ta warke. In hannun da bai ƙware ba ya taɓa wurin ya bar tabo, wanda ya ƙware ma zai sha wuya daga baya. Bayan aikin kuma sai ta yi kamar mako 2 da robar fitsari, ana lura da ita kullum. Tawagar da za ta yi wannan aiki ranar Laraba ta tashi ranar Asabar, garin neman gira take shirin rasa wa mutane ido.

Yanzu ga naki aikin. Kina da abin da likitan da ya taso daga Landan ko Legas ba shi da shi, wato Hausa. Kudancin Nijar, daga Dogonduci zuwa Damagaram, da Hausa ake kuka da ciwo. Tafinta a ɗakin likita ba ƙaramin matsayi ba ne, domin mafi yawan abin da likita ke gane ciwo da shi daga bakin maras lafiya yake fitowa, kafin a kai ga gwaji. Kuma fassarar ba ta kalma da kalma ba ce. Mace ta sunkuyar da kai ta ce tana fama da sanyi. Wanda bai san mu ba zai rubuta mura, alhali ita ciwon mara da fitar ruwa take nufi. Namiji ya ce basir ya dame shi, kuma basir a bakin mutanenmu buhu ne da ake zuba komai a ciki, daga taurin bayan gida har zubar jini da ke bukatar bincike mai zurfi. Wata ta ce ta yi ɓatan wata, ba za ta taɓa cewa tana da ciki ba, balle a gaban surukarta, kuma akwai magungunan da bai kamata a ba mai ciki ba. Ki tambayi uwa 'ya'yanta nawa, ta tsallake ɗan fari saboda kunya, ta kuma bar waɗanda suka rasu, alhali likita na bukatar sanin duk haihuwar da ta yi. Ke ce za ki gane cewa sai an sallami maza daga ɗakin kafin yarinyar nan ta buɗe baki.

Amma ki shiga da kunne a buɗe, don Hausar can ba daidai take da ta Kaduna ba. Za ki ji ana lahiya da tahiya. Idan mutum ya ce zai tafi likita, asibiti yake nufi. Yunwar da ke kwantar da yara, tamowa suke ce mata. Lissafin kuɗi ma dabam ne: dala 1 sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000, don haka wanda ya ce miki dala 20, sefa 100 yake magana. Kwana 2 na farko ki manne wa nas ko ungozomar wurin, ki saurari yadda take yi musu tambaya. Sannan ki kiyaye doka ɗaya ta tafinta: abin da likita ya faɗa shi za ki faɗa, abin da maras lafiya ya faɗa shi za ki mayar, ko da kin ga kamar ba shi da amfani. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da tausayi ya sa ta sassauta maganar likita, ta ce wa miji ba wani abu ba ne, a je gida a sha magani, alhali likitan cewa ya yi a kai matar babban asibiti a daren. Da ƙyar muka cim musu a tasha. Niyyarta kyakkyawa ce, amma da mun makara da wani labarin ake yi.

Bayan tafinta akwai aikin da ba a ɗaukar hotonsa, wanda in babu shi komai ya tsaya: rubuta sunaye da garuruwa a rajista, ba da kati, tsara layi, lura da wanda ya galabaita a can baya don a shigo da shi gaba. Mai ƙarfi ne ke fara isa bakin ƙofa, wanda ya fi jin jiki yana kwance a gindin bishiya. Cikin sa'a guda za a iya koya miki auna damtsen yaro da ɗan tef ɗin nan mai launi. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, in damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko kika danna bayan ƙafafunsa biyu yatsanki ya bar rami, to ba na layi ba ne, a kai shi wurin likita nan take. Ga kuma aikin da ya dace da malama: zama da uwa a bakin tagar magani, ki bayyana mata yadda za ta ba da shi, sannan ki ce ta maimaita miki. Yawancinsu ba su yi boko ba, rubutun jikin kwali bai amfane su da komai ba. Ki zana rana tana fitowa, da rana tsaka, da wata. Ki haɗa da lokutan salla, don da su mutane ke auna yini: ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba.

Inda za ki tsaya kuwa a bayyane yake. Abin da doka ba ta yarda ki yi wa ɗan maƙwabciyarki a Kaduna ba, kada ki yi wa ɗan wata a Nijar. Ba allura, ba sa ƙarin ruwa, ba rubuta magani, ba karɓar haihuwa. Za a jarrabe ki, domin layi zai yi tsawo, likita ya gaji, wani ya ce miki ai abu ne mai sauƙi, zo in nuna miki. Mutanen gari kuma duk wanda ya sauko daga motar, likita suke kiransa. Ki gyara musu da bakinki, ki ce ni malama ce, ga likita can. A garin Jinja na ƙasar Yuganda, wata matashiya 'yar mishan daga Amurka, wadda ba ta yi karatun likita ba, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Tsakanin 2010 da 2015 an karɓi yara 940, 105 daga cikinsu suka rasu. Iyaye mata 2 suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 da biyan kuɗi ba tare da ta amsa laifi ba. Yaron da yunwa ta ci jikinsa ba kamar sauran yara ba ne: ƙarin ruwan da zai farfaɗo da wani, shi zai iya tsayar masa da zuciya, har abinci ma da awo ake fara ba shi. Wanda bai koya ba ba zai san wannan ba, duk yawan ƙaunarsa.

Batun magungunan da za ku ɗauka, ki sa ido a kai tun daga gida, don nan ne ikilisiyoyi suka fi yin kuskure. A yi sanarwa ranar Lahadi, kowa ya kwaso ragowar abin da ke cikin durowarsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magani, wadda ta fara fitarwa a 1996, ta hana ba da ragowar maganin da wani ya sha ya rage, ta kuma ce maganin ya kasance da sauran aƙalla shekara 1 kafin ya lalace a ranar da ya isa ƙasar, kuma rubutun jikinsa ya zama cikin harshen da ma'aikatan wurin ke karantawa. A Nijar ma'aikatan lafiya da Faransanci suka yi karatu. Abin da ya fi shi ne ku tambayi asibitin da zai karɓe ku abin da yake bukata, ku tara baikon a kuɗi, a sayi maganin ta hanyar da suka saba saye.

Sai maganar maƙwabciyarki, wadda ta fi duk sauran nauyi a wurina. Kada ki ce mata zarginta ba shi da tushe, don yana da shi. A zamanin mulkin Turawa an daɗe ana hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi na Arewa. Ƙofar da aka buɗe musu a shekarun 1930 ita ce kula da masu kuturta, a wurare irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, kuma su kansu ba su ɓoye cewa suna fatan jinyar ta buɗe hanyar bishara ba. An yi aikin alheri na gaske a wuraren nan, ga mutanen da danginsu ma ke gudu. Asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda aka kafa a 1943, har gobe Musulmi ne mafi yawan masu zuwa, su shiga da addininsu su fita da shi. Duka biyun gaskiya ne, kuma iyayenta sun san duka biyun. Ki haɗa da abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200, wasu suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wannan ba aikin mishan ba ne, amma tabon da ya bari ya shafi duk baƙon da ya zo da magani kyauta, har ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003.

To abin da za ki iya gaya mata, in har gaskiya ne game da tawagarku, shi ne: ba a tambayar addinin kowa a bakin rajista, ba a sa mutum ya zauna sauraron wa'azi kafin a ba shi kati, ba a yi wa yaro maganar addini a bayan idon iyayensa, ba a yi wa kowa addu'a sai ya yarda. Ba kwa ɓoye cewa ku Kirista ne, kuma wanda ya tambaye ki abin da ya kawo ki, ki amsa masa da gaskiya. Ƙa'idar aikin agaji da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da ita a 1994, har da na ikilisiyoyi a ciki, ta ce ba za a yi amfani da taimako don tallata wata siyasa ko addini ba. Ni kuma ba sai na je can neman hujja ba. A Luka sura 17, kutare 10 Yesu ya warkar, 1 ne kawai ya komo ya yi godiya, kuma ba a karɓe lafiyar sauran 9 ba. Uwar da ɗanta ke suma a hannunta za ta ce to ga duk abin da kika ce mata. Wannan amincewa ba ta zuciya ba ce, kuma karɓarta cin amana ne. Ma'aunin da nake ba matasanmu shi ne su juya abin: gidauniyar Al-Basar ta Saudiyya tana aikin ido a ƙasashenmu, Kiristoci da yawa sun amfana. Yadda kike so a karɓi mahaifiyarki a can, a yi mata aiki ba tare da an matsa mata kan bangaskiyarta ba, haka za ki karɓi mahaifiyar wata. Idan kuwa kin bincika kin ga tsarin tawagarku ya saɓa da wannan, to maƙwabciyarki ta fi ki gaskiya, kuma gara ki faɗa wa fasto tun ba a tashi ba.

Ki kula da kanki kuma. Katin allurar shawara sai ya kwana 10 da yi kafin ya fara aiki, don haka kada ki bari sai ana gobe tafiya. Ki yi allurar ciwon hanta nau'in B, da ta sanƙarau in tafiyar ta faɗo a rani. Ki tambaya ko tawagar na ɗauke da maganin kariya daga HIV na wanda allura ta soka, wanda dole a fara sha cikin sa'o'i 72, a ci gaba har kwana 28. Mai kwashe shara ma allura na sokarsa. A 2014, a asibitin mishan na ELWA da ke Monrobiya, babban birnin Laberiya, Nancy Writebol ta SIM ba likita ba ce, aikinta fesa wa ma'aikata ruwan kashe ƙwayoyin cuta in sun fito daga ɗakin masu Ebola, kuma ta kamu kamar yadda Dakta Kent Brantly, likitan da ke duba masu cutar a wurin, ya kamu. Allah ya tashi kafaɗunsu bayan an kai su Amurka. Hanya ma ba kamar da ba ce. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka a tabbatar da takardun da ake nema a kan iyaka kafin a tashi. An taɓa sace wani ma'aikacin mishan ɗan Amurka a garin Abalak na Nijar a 2016, bai sami kansa ba sai 2023. Inda masu masaukinku suka ce kada a je, kada a je, kuma ba a tafiyar dare. Ki sa zane da mayafi kamar matan garin, ku fara da gaida mai gari da liman kafin ku sauke ko kwali ɗaya. Wayarki kuma ta zauna a jaka. Yaron da ƙasusuwansa suka fito ba abin sawa a Facebook ba ne, ko da da nufin tara taimako, sai uwarsa ta fahimci inda hoton zai je ta kuma amince.

Ranar da za ku taso, ki nemi sa'a guda ki zauna da nas ɗin wurin da rajistar da kika cika. Ku bi ta layi-layi: ga waɗanda aka yi wa aiki da ranar cire musu zare, ga masu hawan jini da sunan maganin da aka fara musu, ga yaran da aka tura cibiyar tamowa, ga matar da aka ce ta je babban asibiti ba ta da kuɗin mota. Ki bar masa littafin a hannunsa, ki karɓi lambar wayarsa, bayan wata 1 ki kira ki tambayi mutanen nan da sunayensu.